Ranar da Karel Gott ya ara wa gwamnati muryarsa

A ranar 11 ga Oktoba, 2019, tun gari bai waye ba mutane suka fara jeruwa a bakin kogin Vltava da ya ratsa Prag, babban birnin ƙasar Cek. Manya da yara, 'yan birni da waɗanda suka kwana a hanya, har da waɗanda suka tsallako daga Jamus da Slobakiya, yawancinsu da fure a hannu. Layi ya miƙe ya bi gefen kogin, kuma kafin a rufe ƙofar fadar Žofín cikin dare, mutum kusan dubu 49 ne suka wuce ta gaban akwatin gawar Karel Gott, mawaƙin da ya rasu a gidansa ranar 1 ga watan yana da shekara 80, bayan fama da sankarar jini. Washegari aka yi zaman makoki na ƙasa baki ɗaya, aka kuma yi masa addu'a a babbar majami'ar Saint Vitus da ke cikin fadar shugaban ƙasa.

Amma kafin a kai ga wannan sai da aka yi ka-ce-na-ce. Firaministan lokacin, Andrej Babiš, ya fara da cewa a yi masa cikakkiyar jana'izar ƙasa, irin wadda aka yi wa Václav Havel, marubuci ɗan adawa da ya zama shugaban ƙasa bayan faɗuwar mulkin Kwaminis, a 2011. Nan take wasu suka ce ba su yarda ba. Hujjarsu ita ce, ba a haɗa mutumin da ya sha ɗauri saboda 'yancin jama'a da wanda ya hau dandamali ya mara wa masu ɗaurin baya. Daga ƙarshe aka sassauta, aka yi jana'iza mai karramawar hukuma, wadda darajarta ba ta kai waccan ba. Ni ina ganin an yi daidai da aka sassauta, kuma ina ganin waɗancan dubban da suka tsaya cikin sanyi su ma ba su yi kuskure ba. Gott ya cancanci ƙaunar da aka yi masa. Akwai dai rana guda a rayuwarsa da wannan ƙauna ba ta isa ta wanke ba, kuma a kanta nake son in tsaya.

Ga wanda bai san shi ba, an haife shi a garin Plzeň ranar 14 ga Yuli, 1939, a ƙasar da a da ake kira Cekoslobakiya, ƙasar da kamfanin takalman Bata ya samo asali. Zane ya so ya karanta, makarantar ba ta ɗauke shi ba, sai ya koyi aikin lantarki ya shiga masana'antar ČKD a Prag. Da rana yana haɗa wayoyi, da dare yana waƙa a gidajen shan kofi da wuraren rawa. Daga baya ya shiga makarantar koyon kiɗa ta Prag, inda wani malami ɗan asalin Rasha, Konstantin Karenin, ya horar da muryarsa irin horon da ake yi wa mawaƙan opera. Wannan horo ne ya raba shi da sauran. Muryarsa tana hawa sama ba tare da ta tsage ba, kuma ta riƙe ƙarfinta har tsufansa. A farkon shekarun 1960 ya shiga gidan wasa na Semafor, inda matasan Prag ke tururuwa, a 1965 kuma shi da 'yan'uwan nan biyu, Jiří da Ladislav Štaidl, suka kafa nasu gidan wasan mai suna Apollo.

Akwai wani kambu na mawaƙa da ake kira Slavík, wanda jama'a ne ke zaɓen wanda zai ci shi kowace shekara. Gott ya fara ɗaukarsa a zaɓen 1963, ya kuma ɗauke shi sau 42 kafin ya bar duniya. Duk sanda aka miƙa masa sai ya ce bana kam bai zata ba, har maganar ta zama abin da kowa a ƙasar ke jira ya ji. A 1967 ya yi watanni yana waƙa a Las Vegas ta Amurka. A 1968 ya wakilci Ostiriya a gasar waƙa ta ƙasashen Turai, Eurovision, a Landan. Jamusawa suka karɓe shi hannu bibbiyu, suka yi masa laƙabi da muryar zinariya daga Prag, kuma duk Bajamushen da ya yi ƙuruciya a ƙarshen shekarun 1970 ya san muryarsa a waƙar buɗe zanen yara na wata 'yar ƙudan zuma mai suna Maja. A Tarayyar Sobiyet ma faya-fayansa sun sayu da miliyoyi. Ya fito a fina-finai, ya ja wani fim na kiɗa a 1974, ya kuma taka rawar sarkin aljanun wuta a wani fim na tatsuniya a 1999, sai dai ba a fim sunansa ya tsaya ba, kuma ba zan ɓata lokaci a nan ba.

A daren 20 zuwa 21 ga Agusta, 1968, tankokin yaƙin Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta suka shiga Cekoslobakiya, suka murƙushe sassaucin da shugaban jam'iyyar Kwaminis mai mulki, Alexander Dubček, ya fara. A watan Janairun 1969 wani ɗalibi mai suna Jan Palach ya cinna wa kansa wuta a dandalin Wenceslas don ya farkar da mutane. A watan Afrilu aka ɗora Gustáv Husák a kan jam'iyyar Kwaminis, aka shiga abin da hukuma ta kira daidaita al'amura. Ma'anarsa a aikace ita ce tankaɗe da rairaya. An kori ɗaruruwan dubban mutane daga jam'iyya, da yawansu aikinsu ya tafi tare da katin. Malaman jami'a da 'yan jarida suka koma masu wanke tagogi da masu zuba gawayi a tukunyar ɗumama gidaje. Shi kansa Havel sai da ya yi aikin gara ganguna a wani kamfanin giya a garin Trutnov.

Cikin wannan yanayi ne, a 1971, Gott da 'yan'uwan Štaidl suka fita wasa Jamus ta Yamma suka ƙi dawowa a kan lokaci. A dokar ƙasar wannan laifi ne mai kai mutum kurkuku. Ga Gott kuwa sai gwamnatin Husák ta buɗe ƙofa, ta tabbatar masa ba abin da zai same shi, ya dawo gida bayan 'yan watanni. Masu sukarsa da yawa daga nan suke fara tuhuma. Ni ban ga laifinsa a nan ba. Iyayensa suna Prag, harshensa a can yake, masu sauraronsa na asali a can suke. In duk mai baiwa ya tattara ya fice, wa aka bar wa ma'aikacin da ya dawo daga masana'anta a gajiye, wanda ba shi da fasfo, ba shi da hanyar zuwa ko'ina? Wanda ya fita kuma hukuma tana goge shi ne kamar ba a taɓa yinsa ba. Haka aka yi wa Waldemar Matuška, wanda ya fara cin kambun Slavík tun kafin Gott: da ya zauna a Amurka a 1986, sai aka tsame waƙoƙinsa daga rediyo da talabijin. Mutumin da ya duba wannan ya ce shi zai zauna cikin mutanensa ya yi musu waƙa, ba ni da bakin zarginsa.

Ban kuma yarda da marubuci Milan Kundera ba, wanda a wani littafinsa da ya fito a Faransa a 1979 ya kira Husák shugaban mantuwa, ya kira Gott wawan kiɗa, yana nufin waƙoƙinsa maganin barci ne da ake ɗura wa al'umma don ta manta abin da aka yi mata. Akwai raini ga talaka a cikin wannan magana. Matar da ta kwana tana kuka da waƙar soyayya ba ta manta tankokin yaƙi ba, ta dai samu abin da za ta jingina da shi ne na ɗan lokaci. Mutane suna aure a ƙarƙashin zalunci, suna haihuwa, suna binne iyayensu, suna bikin Kirsimeti, kuma duk waɗannan suna bukatar waƙa. Shekara ashirin ba abu ne da ake cinyewa da ɗaure fuska kaɗai ba. Gott ya ba su abu mai kyau, ya yi aikinsa da ƙwarewa da ladabi, ba ya raina mai sauraro, kuma wannan ba ƙaramar hidima ba ce.

Inda na rabu da shi shi ne 1977.

A watan Maris na 1976 'yan sanda suka kama mawaƙan wata ƙungiya mai suna Plastic People of the Universe da abokansu. Samari ne masu dogon gashi da hukuma ta ƙwace wa lasisin wasa, suna kiɗa a bukukuwan aure da gidajen ƙauye. A watan Satumba aka yanke wa huɗu hukunci da sunan tayar da hankalin jama'a, jagoransu Ivan Jirous ya samu wata 18. Wannan shari'a ce ta haɗa kan marubuta da malaman addini da tsofaffin 'yan Kwaminis da aka kora, suka rubuta takardar da aka sani da Charta 77, wadda ta fito a farkon Janairun 1977 da sa hannun mutum ɗari biyu da arba'in da 'yan kai. Ba ta nemi a kifar da gwamnati ba. Abin da ta ce kawai shi ne, gwamnati ta cika alkawuran kare haƙƙin ɗan Adam da ita da kanta ta sa wa hannu a Helsinki a 1975 da kuma a Majalisar Ɗinkin Duniya. Kakakinta na farko su uku ne: Havel, da tsohon ministan harkokin waje Jiří Hájek, da malamin falsafa Jan Patočka.

Gwamnati ba ta buga takardar ba, ba ta bari kowa ya karanta ta a fili ba. Abin da ta yi shi ne ta sa jaridar jam'iyya, Rudé právo, ta yi musu wankin babban bargo, sannan ta tara 'yan wasa da marubuta da masu zane a babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa ranar 28 ga Janairu, aka karanta sanarwar biyayya ga mulki da yin tir da waɗanda aka kira maciya amana, kyamarorin talabijin suna bin fuskokin da ke zaune layi-layi. Ranar 4 ga Fabrairu aka maimaita taron ga mawaƙa a gidan wasa na Divadlo hudby. A nan ne Karel Gott ya tashi, ya hau dandamali, ya tsaya gaban makirfo ɗin da ya saba rera waƙar soyayya a gabansa, ya yi jawabin goyon bayan hukuma, aka watsa wa ƙasa. A kwanakin da suka biyo baya jaridar ta dinga jera sunayen waɗanda suka sa hannu, har suka haura dubu bakwai.

Na san amsar da ake bayarwa, kuma ba amsar banza ba ce. Tsoro gaskiya ne. A wancan tsarin, wanda ya ƙi sa hannu ba kansa kaɗai ya jefa a wuta ba: ana iya hana ɗansa shiga jami'a, a kori matarsa daga aiki, a rubuta a fayil ɗin iyalin gaba ɗaya cewa ba abin yarda ba ne. Wasu daga cikin mahalartan ma sun ce daga baya su takardar halarta suka zaci suna sa wa hannu. Ɗan wasan da ke wani ƙaramin gari, mai 'ya'ya uku da albashin da bai kai ƙarshen wata ba, in ya sunkuyar da kai ya sa hannu, wallahi ba zan iya ɗaga masa murya ba. Ban san abin da ni zan yi a kujerarsa ba, kuma duk wanda bai ɗanɗani irin wannan mulki ba ya kamata ya yi magana da sassauci.

Sai dai wannan uzuri yana raguwa ne gwargwadon ƙarfin mai shi, kuma cikin mutum dubu bakwai ɗin nan da wuya a sami wanda ya fi Gott damar cewa a'a. Yana da kwantiragi da kamfanin Polydor na Jamus ta Yamma. Yana da masu sauraro a ƙasashen da hannun Husák bai kai ba. Yana shigo da kuɗin waje da gwamnati ke matuƙar bukata, domin duk wasan da mawaƙi zai yi a ƙetare ta hannun hukumar Pragokoncert yake bi, ita kuma tana cire rabonta. Sama da duka, shekara shida kafin nan ya gani da idonsa cewa da ya juya baya, hukuma ce ta biyo shi da lallami. Ba jarumtar Havel ake nema a wajensa ba, ba a ce ya sa hannu a Charta ba. Da ya ce maƙogwaronsa na ciwo, ko yana da wasa a Hamburg, ko ma ya zo ya zauna ya yi shiru kamar sauran, da hukuncin da tarihi zai yi masa daban ne. Tsakanin wanda ya yi shiru don tsoro da wanda ya tashi ya yi magana akwai tazara mai yawa.

Me ya sa shi aka zaɓa ya yi jawabin? Domin babu mai gaskata Rudé právo, kuma hukuma ta san haka. Jami'in jam'iyya in ya yi magana a talabijin, mutane tashi suke yi su shiga kicin. Gott kuwa tsayawa ake yi a saurare shi. Abin da gwamnati ta rasa shi ne yardar jama'a, sai ta je ta aro daga wanda yake da ita. Mu da muka tashi muna jin waƙoƙin fada mun san makaɗin sarki yana yabon ubangidansa, yana yi wa abokan hamayyarsa zambo, kuma babu yaudara a ciki, tunda kowa ya san gidan da yake ci, shi ma da bakinsa yake faɗa. Gott ba a matsayin makaɗin fada mutane suka riƙe shi ba. Nasu ne, su suka zaɓe shi shekara bayan shekara, su suka sayi faya-fayansa da kuɗin guminsu. Wannan yarda amana ce a hannunsa, sai ya kashe ta a kan mutanen da laifinsu na asali shi ne sun tsaya wa mawaƙa 'yan'uwansa da aka ɗaure saboda kiɗa. Wannan ɓangaren ne ya fi yi mini ciwo.

Bayan wannan taro da 'yan makonni, ranar 13 ga Maris, Jan Patočka ya rasu yana da shekara 69, bayan doguwar tuhuma da 'yan sandan ciki suka yi masa. A wajen binne shi a maƙabartar Břevnov, jirgi mai saukar ungulu ya dinga shawagi a sama, babura kuma suna ta ruri a filin tsere da ke kusa, don kada a ji abin da ake faɗa a bakin kabari. Ba Gott ne ya kashe shi ba, kuma zalunci ne a ɗora masa. Amma taron gidajen wasan nan an shirya shi ne don a nuna wa ƙasa cewa irin su Patočka ba su da kowa, kuma ya yi aikin da aka shirya shi dominsa.

Masu cewa ai kowa haka ya yi, su tuna da Marta Kubišová. Tauraruwa ce ta gaske, ta ci kambun Slavík sau uku a shekarun 1960, kuma wata waƙarta ta addu'ar zaman lafiya ta zama taken jama'a bayan shigowar tankoki. A 1970 aka haramta mata waƙa, aka fake da wasu hotunan batsa na ƙarya da aka haɗa da fuskarta. Tana da shekara 27. Matar da ta cika manyan zaurukan kiɗa ta koma tana liƙa ledojin da ake zuba kayan wasan yara, daga baya ta samu aikin ofis a wani kamfanin gine-gine. Ba ta da kwantiragi a Hamburg, ba ta da mai lallashinta. Duk da haka ta sa hannu a Charta 77, har ta zama ɗaya daga cikin kakakinta, ga 'yan sanda suna kiranta tambayoyi. Lokaci guda, birni guda, sana'a guda da Gott.

Da mulkin ya fara rushewa a watan Nuwamban 1989, ranar 21 ga wata ta fito barandar ginin Melantrich da ke kallon dandalin Wenceslas, ta rera waccan waƙa da baki kawai, ba kiɗa, ga taron da ya cika dandalin maƙil. Ranar 4 ga Disamba kuma, a wannan baranda dai, aka ga Karel Gott kafaɗa da kafaɗa da Karel Kryl suna rera taken ƙasa. Kryl mawaƙin adawa ne da ya yi shekara ashirin a gudun hijira a Munich yana aiki da Rediyon Turai Mai 'Yanci, kuma jana'izar mahaifiyarsa ce ta dawo da shi gida a waɗancan kwanaki. Masu shirya taron sun so su nuna cewa ƙasa ta haɗe, na ciki da na waje, wanda ya yi biyayya da wanda ya ƙi. Na fahimci hikimar, kuma juyin da aka yi ba tare da zubar da jini ba yana bukatar irin wannan hoto. Abin da ya biyo baya ne bai gamsar da ni ba. Gott ya zaci zamaninsa ya wuce, ya shirya wasannin ban-kwana a 1990, sai jama'a suka cika zauruka suka ƙi sakinsa, ya ƙara kusan shekara talatin yana waƙa, har ya yi ta ƙarshe tare da 'yarsa Charlotte 'yan watanni kafin rasuwarsa. A duk tsawon wannan lokaci, in aka tayar da zancen 1977, bayaninsa ya fi karkata ga matsin lamba da dabarun hukuma, da cewa shi mawaƙi ne ba ɗan siyasa ba. Mutum ne da ƙasar ta riga ta yafe wa tun kafin ya nema. Da ya fito sarai ya ce abin da ya yi ba daidai ba ne, ya ambaci sunayen waɗanda abin ya shafa, ba abin da zai rasa, kuma da ya sauƙaƙa wa dubban ƙananan mutanen da suka sa hannu su ma su faɗi nasu.

Kubišová ta koma waƙa tana da shekara 47. Shekarun da muryar mawaƙiya ta fi ƙarfi a cikinsu sun riga sun tafi a tsakanin ledoji da takardun ofis, kuma ba wata gwamnati ko lambar yabo da za ta dawo mata da su. Ta ci gaba da fitowa a wani ƙaramin gidan wasa a Prag, ta yi wasanta na ban-kwana a garin haihuwarta, České Budějovice, ranar 1 ga Nuwamba, 2017, ranar da ta cika shekara 75. Duk littafin makaranta ko shirin talabijin da zai ba yaran Cek labarin kambu 42 na Gott, ina ganin wajibi ne ya faɗa musu cewa nata ya tsaya a uku, ya kuma faɗi su waye suka tsayar da shi.